Shin In Taɓa Jarin Shago Domin Halartar Taron Python?

Wani ɗan kasuwa mai shagon wayoyi da kayan kwamfuta a kan titin Ahmadu Bello da ke Jos ya aiko mini da tambaya. Ya ce shekara biyu ke nan yana koyon Python, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta manhajar kwamfuta da su, har ya rubuta wata 'yar manhaja da yake lissafin kayan shagonsa da ita, kuma maƙwabtansa biyu sun karɓa suna amfani da ita. Yanzu yana da burin halartar PyCon Africa, taron da masu aiki da wannan harshe a nahiyar Afirka suke yi. Jarinsa ya kai kimanin naira miliyan 6, abin da ke rage masa a wata bayan cefane da haya kuwa kusan naira dubu 150 ne. Yana son ya san nawa zai tanada, da kuma ko zai iya cirar kuɗin tafiyar daga jari ya mayar daga baya.

Malam, zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce ta fi nauyi: kada ka taɓa jarin nan. Burinka mai kyau ne, kuma ina son ka cim masa, amma kayan da kake sayarwa, daga caja da batir har zuwa gilashin waya, duk daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu dala yake bi. Duk ɗan kasuwar da ya shaida abin da ya faru tun watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta tsayar da darajar naira, ya san ma'anar wannan: dalar da ake samu a wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Wanda ya cire miliyan ɗaya daga jari a irin wannan yanayi, ko da ya mayar da miliyan ɗayar cif bayan wata shida, ba lallai ba ne ta sayo masa yawan kayan da ta sayo a da. Bayan haka, kuɗin da ke cikin shago juyawa suke yi, suna haihuwa a kowane zagaye, don haka za ka rasa kuɗin, ka kuma rasa ribar da da sun kawo. Haka nan ban yarda ka ci bashi mai ruwa ba, musamman irin na manhajojin waya, domin taro ba haja ba ne da za ka sayar ka biya.

Sai batun nawa za ka tanada, wanda amsarsa ta dogara ga inda za a yi taron, domin ba a wuri ɗaya ake yin sa ba. An yi na farko a Accra ta ƙasar Ghana a 2019, aka koma can a 2024, sa'an nan aka kai na 2025 birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Tsakanin waɗannan birane biyu akwai tazara mai yawa a aljihun ɗan Najeriya. Ghana tana cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka kana iya shiga ba tare da biza ba, ka zauna har kwana 90. Afirka ta Kudu kuwa sai da biza, kuma neman ta yana buƙatar takardar banki ta watannin baya, da shaidar masauki, da wasiƙar gayyata daga masu shirya taron, ga kuma tikitin jirgi mai tsada sosai fiye da na Accra. Don haka ka buɗe shafi biyu a littafinka, ɗaya na tafiya cikin Afirka ta Yamma, ɗaya na wajenta, ka jira sanarwar masu taron kafin ka rufe ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da ba sa jiran wannan sanarwa. Na farko shi ne fasfo. Daga 1 ga Satumban 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira dubu 100 ga mai nema a cikin Najeriya, mai shafi 64 na shekara 10 kuwa naira dubu 200. Mai shafi 32 ya ishe ka. Idan kana da shi tun da, ka duba ka tabbatar zai rage masa aƙalla wata shida a ranar tafiya. Na biyu shi ne katin rigakafin cutar shawara, wanda Ghana da Afirka ta Kudu duk suke nema daga mai fitowa daga Najeriya. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba abu ne da ake bari sai makon tafiya ba.

Inda mutanenmu suka fi yin kuskure a lissafi shi ne su ɗauki kuɗin jirgi a matsayin kuɗin tafiya gaba ɗaya. Kai tafiyarka daga Jos take farawa. Za ka shiga mota ta Akwanga da Keffi zuwa Abuja, kuma idan jirginka na safe ne dole ka kwana a can, domin ba hikima ba ce mutum ya kama hanyar dare da jakar kwamfuta a hannu saboda ya cim ma jirgi. Filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe yana da nisa daga cikin gari, kuɗin tasi zuwa can ma abin rubutawa ne, zuwa da dawowa. Idan an sauka akwai kuɗin mota zuwa masauki, da na zirga-zirgar kullum zuwa zauren taro, da abincin dare, da layin waya da data na ƙasar, da tikitin shiga taron kansa, wanda yakan fi sauƙi ga waɗanda suka saya da wuri. Ka sa tsaraba ma a lissafin, tunda ka san ba za ka dawo wa iyali hannu rabbana ba, kuma gara a yanke mata iyaka tun daga gida.

Idan Accra ce, akwai hanyar mota daga Legas, ta kan iyakar Seme a shiga Benin, a ratsa Kwatano da Lome, a shiga Ghana ta Aflao. Tana da rahusa a kan jirgi, amma iyaka uku ake tsallakawa, kuma ga mai tasowa daga Jos tafiyar za ta ci aƙalla kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. A nan ne ya kamata ka yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Kowace ranar da ba ka shago tana da farashi, ko da ka bar yaron shago amintacce, domin akwai abokan cinikin da kai suke nema, akwai kuma cinikin da yaro ba zai iya yanke wa farashi ba. Ka duba littafinka ka ga matsakaicin ribar da kake samu a rana, ka ninka ta da kwanakin da hanyar mota za ta ƙara maka, ka haɗa da kuɗin motar da na abinci a hanya. Idan jimillar ta kusa kama kuɗin jirgi, ka hau jirgi. Kafin ka tashi kuma ku ƙirga kaya tare da yaron, a rubuta, a sa hannu, ka kuma hana ba da bashi har ka dawo. Wannan kariya ce gare shi kamar yadda take gare ka.

Batun masauki ba shi da wuya. A Accra akwai unguwanni irin su Nima da Mamobi inda Hausa take tafiya kamar a gida, ga masallatai da abincin da ka saba da shi, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga baƙo. Sai dai ka auna nisansu da zauren taro, domin cunkoson birnin yana iya cinye abin da ka rage a kuɗin ɗaki. Raba ɗaki da wani mahalarcin da ka sani shi ne ya fi rage nauyi.

Yanzu ga abin da nake ganin zai iya sauya lissafinka baki ɗaya. Tarukan Python ba na neman riba ba ne, 'yan sa kai ne ke shirya su, kuma gidauniyar Python Software Foundation da kamfanoni masu ɗaukar nauyi suna tallafa musu. Saboda haka akan ware wani kaso domin taimaka wa waɗanda ba za su iya biyan kuɗin zuwa ba, ko da tikitin shiga kyauta, ko da wani ɓangare na kuɗin jirgi da masauki. Ana buɗe neman wannan tallafi watanni kafin taron, a kuma rufe da wuri, saboda haka ka riƙa bibiyar shafin taron. Idan za ka cike takardar, kada ka cika ta da kuka kan matsin rayuwa, domin kusan kowa abin da zai rubuta ke nan. Ka faɗi abin da ka yi: ɗan kasuwa ne kai a Jos, ka koyi Python da kanka, ka rubuta manhajar da shaguna uku suke lissafi da ita, kuma ga abin da za ka koya wa wasu idan ka dawo. Ka rubuta adadin da za ka iya biya daga aljihunka da adadin da kake nema, dalla-dalla. Ina ma ba ka shawarar ka nemi gabatar da jawabi a kan wannan manhaja, domin labarin yadda ƙaramin ɗan kasuwa ya warware matsalarsa da hannunsa abu ne da irin wannan taro yake maraba da shi, kuma a tarukan da yawa ana yafe wa masu jawabi kuɗin shiga. Abu ɗaya da za ka kiyaye shi ne, sau da yawa ba a ba da kuɗin tallafin kafin tafiya, sai dai ka kashe naka a mayar maka bayan ka nuna rasit. Ke nan ko ka samu tallafi sai ka riƙe kuɗi a hannu, ka kuma adana kowane rasit.

Hanyar tara kuɗin ita ce wannan. Ka zauna yau ka binciki farashin kowane abu da na lissafa, ka mayar da jimillar zuwa dala, ka ƙara mata kashi 20 cikin 100 saboda abin da ba a zata ba. Wannan adadi na dala shi ne abin da kake nema, ba na naira ba. Daga dubu 150 da ke rage maka, ka ware dubu 50 a kowane wata, wato dubu 500 a wata goma, ka riƙa mayar da su dala kaɗan-kaɗan ta asusun dala a banki ko ta hannun 'yan canji masu lasisi, domin kada faɗuwar naira ta cinye su a ajiye. Sauran dubu 100 su zauna saboda larurar gida da ƙarin jari. Idan kana adashi, ka nemi kwasarka ta faɗo wata uku kafin taron, lokacin da tikitin jirgi bai yi tsada ba. Akwai kuma wata ƙofar da ba ka ambata ba: maƙwabtanka biyu da suke amfani da manhajarka kyauta. Ka sa mata ɗan farashi na wata-wata, ka tallata ta ga sauran masu shaguna a kasuwar Terminus ta Jos da kewaye, duk abin da ya shigo ta nan ya tafi asusun tafiya. Wannan zai kuma nuna maka ko ilimin nan yana da kasuwa kafin ka kashe masa manyan kuɗi.

Gaskiyar magana ita ce, dubu 500 kaɗai da wuya su kai ka Johannesburg ta jirgi su dawo da kai. Idan taron ya faɗa wajen Afirka ta Yamma kuma tallafi bai samu ba, ka haƙura da na wannan shekara, ka ci gaba da tari. Jawaban irin waɗannan taruka akan ɗora su a YouTube kyauta, saboda haka abin da kake biyan kuɗi dominsa shi ne haɗuwa da mutane, kuma ana iya fara wannan a kusa, a cibiyoyin fasaha irin su nHub da ke nan Jos, ko a ƙananan tarukan masu rubuta manhaja da ake yi a Abuja, waɗanda mota ɗaya za ta kai ka.

Idan kuwa komai ya daidaita, ka bi wannan tsari wajen biya: fasfo da katin rigakafi, sai neman tallafi, sai tikitin shiga taro, sai biza idan ana buƙata. Kada ka sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Mako biyu kafin tafiya ka je bankinka ka tambaya ko katinka yana aiki a ƙasar da za ka, da iyakar abin da zai iya cirewa, ka kuma riƙe ɗan tsabar dala da za ka canza zuwa kuɗin ƙasar da zarar ka sauka.