Amsa kan ko dokokin Newton sun yanke abin da zai faru

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa na wannan zaure. Daga Birnin Kebbi nake magana, kuma zan amsa tambayar da ƙanenmu ya jefo jiya da dare, cewa shin gaskiya ne a fiziks ɗin Newton, da zarar an san halin da abu yake ciki yanzu, an gama sanin abin da zai biyo baya? Ba maganar ƙaddara nake yi ba, wannan fagen malaman tauhidi ne, tawa ta tsaya kan lissafi.

Wanda ya fi ɗaure wa wannan ra'ayi gindi shi ne Laplace, masanin Faransa, wanda a 1814 ya rubuta cewa da za a sami wani hankali da ya san matsayin kowane abu da ƙarfin da ke aiki a kansa, da jiya da gobe duk a fili suke gare shi.

Na ji wasunmu sun ce Lorenz, masanin yanayi na Amurka, ya rushe wannan, amma ni ban yarda ba. A 1961 ya sake shigar da lissafin yanayi a kwamfuta, ya rubuta 0.506 a maimakon 0.506127, sai sakamakon ya bi wata hanya dabam. Wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada a Argungu ya saki ƙorai biyu a ruwa, kafaɗa da kafaɗa, ya san kafin su yi nisa kowace ta kama gabanta. Wannan gazawar awonmu ce, domin da an maido lambar daidai da yadda take, sakamakon farko ne zai dawo.

Inda gizo ke saƙar shi ne misalin John Norton na jami'ar Pittsburgh a Amurka, wanda ya fitar a 2003. Ku ɗauka an kife ƙwarya mai santsi, an ɗora ɗan dutse a daidai tsakiyar ƙoƙuwarta, babu iska, babu girgiza. A ƙwaryar gida, lissafi ya ce dutsen zai zauna har abada. Shi kuwa Norton ya zaɓi wata siffa ta musamman, wadda a kanta dokar Newton ta biyu, wadda ke faɗin yadda ƙarfi ke sauya gudun abu, ta halatta dutsen ya zauna, ta kuma halatta ya gangaro a kowane lokaci, ta kowace fuska, ba tare da wani abu ya taɓa shi ba. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce, a wannan siffa ana iya tura dutsen daga ƙasa da daidai gudun da zai kai shi saman ya tsaya cik cikin ƙayyadadden lokaci, kuma tun da dokokin Newton ba su bambance gaba da baya a tafiyar lokaci ba, dole su yarda da juyin wannan tafiya, wato dutsen da ke zaune ya tashi da kansa.

Saboda haka, ƙanena, amsa ɗaya tak tana tabbata ne idan ƙarfin da ke aiki a kan abu ya cika wani sharaɗi da ake kira sharaɗin Lipschitz, wato sauyin ƙarfin kada ya wuce wani ƙayyadadden ninki na sauyin matsayin abin, kuma Newton bai sanya shi cikin dokokinsa ba. Akwai masanan da ke cewa babu masassaƙin da zai iya sassaƙa wannan ƙwarya, kuma sun yi gaskiya, sai dai tambayarka kan dokokin take, kuma a takarda dokokin sun bar wannan ƙofa a buɗe. Wassalam.