Ragayar Gwangwani, Gindin Kaba da Sauran Tambayoyinku

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, a nan inda nake karatu a Amurka ana sayar da lemun gwangwani shida-shida. An zura wuyan kowane gwangwani cikin wata roba mai ƙofofi shida, sai mutum ya sa yatsu biyu ya ɗauke su gaba ɗaya. Na so in kwatanta wa mahaifiyata a waya, na rasa sunan abin. Yaya za a ce da Hausa?

Amsa: Ɗana, ka yi dace da ka tambaya maimakon ka jefa wa tsohuwa kalmar Turanci ka bar ta tana "to, to" alhali ba ta gane komai ba. Abin da kake nufi ba shi da tsayayyen suna a Hausa, domin ba a cika kawo mana lemo a wannan shiri ba. Amma rashin suna ba rashin hanyar raɗa suna ba ne.

Mafi sauƙi ka ce maɗaurin gwangwani. Ba wanda zai ce ka yi kuskure. Sai dai ni kalmar ba ta gamsar da ni ba, don maɗauri yana zagaye kaya ne ya tamke su a tsakiya, kamar na tsintsiya ko na damin gero. Wannan robar kuwa ba ta tamke komai ba. Kowane gwangwani da tasa ƙofa, ta kama shi a ƙarƙashin leɓensa na sama, nauyinsa yana reto a ƙasa. Wanda ya tashi a gidan da ake dama fura ya san abin da yake aiki haka: ragaya. Igiya ce da aka saƙa, aka ɗaure a rufin ɗaki, ana ɗora ƙwaryar nono ko tukunyar miya a ciki don kada kyanwa ko kiyashi su kai gare ta. Aikinta riƙe abu mai zagaye daga sama. Saboda haka in da za a ba ni zaɓi, ragayar gwangwani zan ce. Gwada wa mahaifiyarka, ka ce ragaya ce ta roba mai baki shida, ka ji ko za ta sake tambaya.

Tunda ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, bari in ƙara. Wani kamfanin Amurka mai suna Illinois Tool Works ne ya fito da wannan roba wajajen 1960, reshensa da ke yin ta ana kiransa Hi-Cone, kuma masu sayar da giya ne suka fara rungumarta kafin masu lemo su bi sahu. Kafin ita kwali ake amfani da shi. Tun a 1923 kamfanin Coca-Cola ya fito da kwali mai hannu wanda yake cin kwalba shida, don magidanci ya saya ya tafi da shi gida maimakon ya tsaya ya sha ɗaya a kanti. Dabarar ciniki ce: in ka sauƙaƙa wa mutum ɗauka, ka sa ya sayi shida a inda ya yi niyyar sayen ɗaya. Robar ta kori kwali saboda arha da rashin nauyi.

Daga baya ragaya ta zama zarge. Idan aka cire gwangwanayen aka yar da ita, ƙofofin nan suna nan buɗe, iska da ruwa su kwashe ta zuwa kogi da teku. Tsuntsu ya zura wuya, kifi ya zura kai, ba fita. Akwai wani kunkurun ruwa da aka tsinta a jihar Missouri a 1993, ya shiga cikin irin wannan roba tun yana ƙarami, ya ci gaba da girma tana matse da tsakiyarsa, har ƙoƙon bayansa ya tsuke kamar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Sunan gyaɗa aka raɗa masa ma da Turanci, jami'an kula da namun daji na jihar suka riƙa nuna shi ga 'yan makaranta. Doka a Amurka ta tilasta a riƙa yin robar da irin sinadarin da hasken rana ke rududdugar da shi, amma rududduga ba ɓacewa ba ce, gutsattsarin suna nan. Shi ya sa za ka ga masu hankali a can suna sa almakashi su datse kowace ƙofa kafin su jefa a shara. Kai ma ka riƙa yi.

Yanzu kuma ana ta neman mafita, kuma kowace sabuwar dabara tana neman nata sunan. A 2016 wani ƙaramin kamfani a jihar Florida ya gwada ragayar da aka yi da dusar sha'ir da alkama, wadda in ta faɗa ruwa za ta narke, in kifi ya ci ba ta cutar da shi. A 2018 kamfanin Carlsberg na ƙasar Denmak ya jefar da ragayar ɗungurungum, ya manne gwangwanayen da ɗigon gam gefe da gefe, mai sha ya ɓalle ɗaya-ɗaya. Wannan ba ragaya ba ce, manni ne ko liƙi. Akwai kuma faifan kwali da ake kifawa a saman gwangwanayen ya cije leɓunansu, irin wanda Coca-Cola ya koma amfani da shi a ƙasashen Turai wajajen 2020. Wannan ni faifai zan kira shi, don da ganinsa ka ga faifan rufe ƙwarya, bambancin kawai shi yana ɗaukar abin da ya rufe.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Singa, Kano. Yarana na shago suna cewa katan, wasu kwali, wasu kiret. Duk ɗaya ne?

Amsa: Alhaji, kai ya kamata ka koya min wannan. Ba ɗaya ba ne. Kwali shi ne jikin abin, takardar nan mai kauri, ko da kaya a ciki ko babu. Shi ya sa almajiri yake shimfiɗa kwali ya kwanta, shi ya sa kuma yaran yanzu ke kiran takardar shaidar digiri kwali. Katan kuwa awo ne: kwali cike da adadin da aka sani. In ka ce "ba ni katan biyu na madara", lissafi kake yi. Ba ka taɓa jin an ce an shimfiɗa katan an kwanta ba, sai a bakin wanda bai iya magana ba. Kiret na roba ne mai tauri, da can na katako, mai gida-gida, na kwalba, ana mayar wa kamfani da shi tare da kwalaben. Inda aka samu cakuɗa shi ne lemun gwangwanin da ke zuwa muku guda 24 a kan ɗan farantin kwali an naɗe da leda. Wasu na ce masa kiret don adadin ya yi daidai da na kiret ɗin kwalba, wasu katan. Duka biyun sun karɓu a kasuwa, ba ni da ja.

Abin da nake da ja a kansa shi ne "fak". "Ba ni fak ɗaya." Harshen da yake da ƙunshi, da ƙulli, da ɗauri, da dami, da huhu, da kashi, da tsibi, me ya rasa da zai je aron "fak"? Kowace daga cikin waɗannan tana gaya maka yadda aka haɗa kayan. Ƙulli an ƙulle bakinsa, kamar na gishiri ko na sukari. Ƙunshi an lulluɓe shi. Dami an tamke tsakiyarsa. Huhu na goro ne, an jera ganye an naɗe an ɗaure da igiya don kada goron ya sha iska tun daga Gwanja har Kano. Fakiti ma mun karɓe shi tuntuni, ya zauna, yana da jam'insa. "Fak" ba ta gaya maka komai ba sai cewa mai maganar ya taɓa wucewa ta ƙofar makarantar boko.

Tambaya: Mene ne jam'in gwangwani?

Amsa: Gwangwanaye. 'Yan gwangwan kuma su ne masu sayen tsofaffin ƙarafa, ba jam'in ba ne.

Tambaya: Malam, na ji wani mai sharhi a rediyo ya ce "kaya ya tsinke a gindin kaba" yana nufin al'amari ya lalace. Mijina ya ce kuskure ne, ni na ce daidai ne. Raba mana gardama.

Amsa: Hajiya, ki yi haƙuri, maigida ya yi gaskiya. Mai sharhin ya ji "tsinke" sai ya ɗauka asara ce, bai tsaya ya ji inda kayan ya tsinke ba. Da me ake tufka igiya? Da kaba. Matafiyin da igiyar kayansa ta tsinke a tsakiyar fako ya shiga uku. Wanda tasa ta tsinke a gindin kaba kuwa, miƙa hannu kawai zai yi ya yanko ganye ya sake ɗauri ya wuce. Karin maganar na nufin matsala ta zo a daidai inda maganinta yake, kamar motarka ta mutu a ƙofar garejin makanike. Ƙanwar "faɗuwa ta zo daidai da zama" ce. Matsalar ita ce yawancin masu riƙe makirfo yanzu ba su taɓa ganin an tufka igiya ba, kayan da suka sani a leda yake zuwa, sai karin magana ta zame musu sauti kawai.

Tambaya: Me ya sa ake ce wa leda leda?

Amsa: Kalmar Turanci ce mai nufin jemammiyar fata, muka ɗora wa abin da ba fata ba, kamar yadda muka ɗora kalmar roba a kan bokiti da kujera. Ita ledar da ke naɗe lemun gwangwani ba da hannu ake matse ta ba: ana lulluɓa ta sakwa-sakwa, a tura kayan cikin wani rami mai zafi, zafin ya sa ta takure ta kama su tam. Shi ya sa ba ta sake amfanuwa in an yage. Ku tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbin shanun da ke kiwo a bola.

Tambaya: Na karanta a wani rubutu an ce "gwangwanin da babu komai ciki ya fi ƙara". Karin maganar Hausa ce?

Amsa: A'a. Ta Turawa ce aka sa mata riga da hula. Ma'anar ba ta da laifi, kowa zai gane, amma kunne yana jin baƙuntarta: ta yi tsawo, ba ta da karin sauti, ta bayyana kanta da kanta. Karin maganar Hausa ba ta yi maka fassara. Muna da "fankan-fankan ba shi ne kilishi ba", muna da "holoƙo hadarin kaka". Wanda ya san waɗannan ba ya bukatar gwangwanin aro.

Tambaya: Malam, ɗana ya rubuta a jarrabawa "ya ɗauki katan ɗin lemo", malaminsu ya ja layi ya ce ya nemi kalmar da ta fi dacewa. Ina laifin ɗauka?

Amsa: Babu laifi, amma ina ma a ce malamai irin wannan sun fi haka yawa. Ki gaishe min da shi. Ɗauka uwa ce, tana da 'ya'ya, kuma kowane ɗa yana nuna maka gaɓar jikin da ta yi aikin da nauyin kayan. Mu ɗauki shi wannan lemun mai guda 24. Kowane gwangwani santilita 33 ne, jimla ta kusa lita 8, nauyin ya haura kilo 8. Yaro ɗan shekara bakwai in ya ɗaga shi daga ƙasa yana nishi, kinkima ya yi. Ƙato in ya ɗauke shi gaba ɗaya cak, sunguma ya yi. In ya ɗora a kafaɗa, ya saɓa. In ya manna shi a ƙirji da hannu biyu, ya rungume. In ledar ta yage ya sa tafin hannu a ƙasa don kada gwangwanayen su zube, ya tallabe. In su biyu suka kama gefe da gefe da ƙyar, sun cicciɓa. In jaka ce mai igiya, ya rataya ko ya sagala. Ɗalibin nan namu na Amurka da ya sa yatsu biyu a ƙofar roba, saƙalawa ya yi. In a kai ne kuwa, nan ɗauka ta dawo gidanta, tare da gammo.

Kwanakin baya na tsaya a bakin wani shago ina jiran canji, wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta zo sayen katan na lemo, da alama gidansu ana suna. Mai shago ya miƙo mata. Ta dube shi, ta dubi kayan, ta cire ɗankwalinta ta murɗe shi ta naɗe ya zama gammo, ta ɗora a ka, ta ce "taya ni". Ya ɗora mata, ta gyara zaman kayan da ɗan girgiza wuya sau ɗaya, ta tafi hannu biyu a sake, har tana ƙirga canjinta. Injiniyoyin can sun shafe shekara sittin suna neman inda za su huda wa yatsu ƙofa, kuma ba na raina aikinsu, amma duk zanen nasu an yi shi ne don mutumin da zai ɗauka daga kanti zuwa but ɗin mota. Ba su yi lissafin mai tafiyar kilomita guda a ƙasa ba. Mu kuwa da jaki muka yi lissafi: mangala mai aljihu biyu don nauyi ya daidaita hagu da dama, taiki na fata don hatsi. Ɗan ga-ruwa da garwa biyu a sanda shi ma lissafin mangala yake yi.

Ki ce wa yaron ya rubuta "kinkima" in jarumin labarinsa ƙarami ne.

Tambaya: "Tsintsiya maɗaurinki ɗaya" ko "maɗaurinku ɗaya"?

Amsa: Maɗaurinki. Da tsintsiyar ake magana, kuma mace ce. 'Yan siyasa ne suka mayar da ita "ku" don su nuna taron da ke gabansu.