Ɗana ya rufe kansa da zane, an ce iska ce ta taɓa shi

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ɗan farina ne, shekararsa 19, muna unguwar Zariya a nan Maradi. Tun da ya bar lakkwal ba ya da aiki sai zane: fuskoki dogaye, itatuwa, da baƙaƙen larabci da ba su karantuwa. Sai ya rufe ɗaki, ya fito da ciwon kai da jiri, ya ce in yana zane ji yake kamar yana zikiri. Baffansa ya ce aljanu ne, za a kai shi a yi mashi hayaƙi. Na kasa barci.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, amma ki tare ƙofa, kada yaron nan ya je ko'ina.

Ki fara shinshina ɗakin. Yaranmu da fentin mai na shafen ƙofa suke aiki, su sirka shi da fetur ɗin kwalba saboda arha. Wanda ya wuni yana shaƙar wannan a rufaffen ɗaki dole kansa ya sara, ya ga jiri. A buɗe taga, ya koma zaure ko inuwar bedi. In ciwon bai saki ba, ko ya daina ci da barci, ko yana jin muryoyi, likita za a kai shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan “iska ce” da ba a rasa ta a bakin mutane. Yaro ya yi shiru, iska. Ya zana fuska mai tsawo, iska. Na taɓa zuwa duba wani ɗalibina da aka kai gidan irin waɗannan masu magani: an lulluɓe shi da bargo, kaskon garwashi a gabansa, an barbaɗa barkono, ana tsula mashi bulala wai ba shi ake bugu ba, aljanin ne. To sawun bulalar a bayan wa ya kwanta? Huhun da fetur ya riga ya gajiyar, shi aka ƙara wa hayaƙi. An karɓi akuya da jaka goma, an ƙone takardunsa, har yau bai sake riƙe alƙalami ba. Addu'a ba ta buƙatar dorina, kuma duk wanda ya fara da faɗin kuɗin aiki kafin ya tambayi abin da yaro ke shaƙa, kasuwa ya buɗe.

Zancen zikiri kuwa, ba shi ya fara ba. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman ta Sudan a 1930, ɗan malamin allo ne. Ya yi karatun zane a Landan daga 1954, ya koma gida ya tarar mutanensa ba su ga kansu a cikin aikinsa ba, sai ya waiwayi baƙaƙen da ya tashi da su a makarantar ubansa. Yakan yi salla kafin ya fara aiki. A 1975 gwamnatin shugaban Sudan Numeiri ta kulle shi a kurkukun Kobar wata shida ba shari'a. Yana yagar takardar buhun siminti ya yi zane, ya binne a rairayi don kada masu gadi su gani. A 2013 gidan baje kolin zane-zane na Tate Modern a Landan ya baje aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Kin san iccen da ya yi shekaru yana zanawa? Haraz, wato gawonmu na gonakin Tibiri da Agye, mai kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, lokacin da kowa ya bushe.

Hukuncin zana mai rai na malamai ne, ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa. Baffansa kuma a ba shi girmansa, a ce ana son a ga likita tukuna. Ranar asabar ki aiko mini yaron da zane uku, da gwangwanin fentin da yake amfani da shi.