Alkakin gara: amsa ga ɗiyata

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce bikin ƙanwarki ya matso, kina tambaya ko dole ne a sa alkaki cikin gara, tunda ga biskit da cincin na kwali cike da babbar kasuwa, kuma idan dole ne, yaya ake yinsa ya yi kyau.

Ba farilla ba ne, babu malamin da zai ce aure bai ɗauru ba don babu alkaki. Amma ki san abin da gara take nufi a nan Maradi. Shinkafa da mai da gishiri da daddawa na tukunyar amarya ne, don kada ta fara zama da roƙon maƙwabta. Alkaki da nakiya da dubulan kuwa na rabo ne. Uwar ango ce ke buɗe kwalla ta aika wa goggonni da kawunnai da maƙwabta, kowa ya ɗanɗani hannun gidan da aka ɗauko ɗiya. Biskit ba ya faɗin komai game da gidanku. Shi ya sa nake son ku yi da kanku, ko da tiya biyu ce. Kada dai ku ci bashi saboda shi.

Daga wurin niƙa ake samun alkaki ko a rasa shi. Ki sayi alkama tsaba, ki tsince, ki wanke, ki shanya ta bushe ƙarau. Ki tsaya kan mai inji ya ɓarza miki ita da ɗan tsaki-tsaki, kada ya maida ta gari mai laushi. Gari mai laushi yana haɗewa ya toshe, ruwan sukari ba ya samun hanyar shiga, sai ki samu abu mai tauri, zaƙi a baya, ciki salam. Wannan ne dalilin da filawa ba ta maye gurbin alkama a nan.

Ga tiya ɗaya, ki zuba man gyaɗa kwatan lita, ki murza da tafin hannu har in kin dunƙula ya tsaya. Sannan nono mai tsami rabin lita, da yis cokalin shayi biyu in kina so ya tashi da wuri. Ruwa kaɗan-kaɗan, kwaɓin ya yi tauri, ya fi na fanke nesa ba kusa ba. Ki rufe ya kwana. Da bazara, in kin kwaɓa bayan isha'i, da asuba ya isa, kada ki bari rana ta ɗaga a kansa don tsamin zai wuce misali. Da hunturu kuwa ki ajiye shi a ɗaki mai ɗumi, ki ba shi har hantsi.

Da safe sai kanwa. Ki jiƙa kanwa ungurnu tun dare, ki tace ruwan, ki riƙa zubawa cokali-cokali kina murzawa kina ɗanɗanawa, har tsamin ya kwanta. A nan ƴan mata suka fi ɓata aiki. In kanwa ta yi yawa, alkakin zai yi ja ya yi baƙi tun bai soyu ba, ya bar ɗaci a harshe. In ta yi kaɗan, tsami ya rinjayi zaƙi. Ki gutsura, ki mulmula a bayan faranti ya yi tsawo kamar yatsa, ki naɗe shi ki manne bakin biyu.

Kafin ki ɗora mai, ki gama ruwan sukari: kilo biyu a ruwa lita ɗaya, da ruwan lemun tsami uku ko ruwan tsamiya rabin kofi. Tsamin ne ke hana sukari daskarewa ya yi fari a jikin alkaki. Ki ɗiga tsakanin yatsu biyu, in ya ja zare siriri ya yi. Wanda ya fi haka kauri ba ya ratsawa, wanda bai kai ba yana jiƙa alkaki ya yi hunhuna cikin kwanaki. Mai hali ya sa zuma, ta fi ƙamshi kuma ta fi ajiyuwa.

Wuta kaɗan ake soyawa da ita. Ki fara jefa guda ɗaya gwaji. In ya tarwatse cikin mai, man murzawa ya yi yawa ko kwaɓin ya yi ruwa, sai ki ƙara ɓarzajjiyar alkama ki sake murzawa, don haka ki rage kofi biyu a gefe tun farko. In ya yi ja nan take, wuta ta yi yawa, cikinsa ɗanye ne. Da kin tsame, ki jefa shi da zafinsa cikin ruwan sukari mai ɗumi, ya sha kamar minti biyar, ki kwashe a matsami.

Kada ki rufe kwalla sai ya huce sarai, gumin da murfi ke tarawa shi ke lalata shi. Ki ɗora kwallar kan kujera, ƙafafunta cikin ruwa, saboda kiyashi.

Kuma kada ki yi aikin nan ke kaɗai. Ki kira ƴan uwan innarki da ƙawayen amarya kwana uku kafin kai gara, wasu na mulmulawa, wasu na naɗi, tsohuwa ɗaya a bakin kasko. Ki gaya mini ranar da za ku kwaɓa, zan zo in duba muku kanwar. Ki gaida innarki.