Tambaya da Amsa: Cin Abinci a Kasuwar Dare ta Bali

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da iyalina za mu je tsibirin Bali na ƙasar Indunisiya, ana ta yi mana zancen kasuwannin dare na can. Wacce za mu nufa, kuma ta yaya za mu kauce wa naman alade?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya. Idan a Ubud kuka sauka, kasuwar dare ta Gianyar ta fi kusa, tafiyar kamar rabin awa a mota. Masu masauki a Sanur suna da kasuwar Sindhu, a Denpasar kuma akwai Kreneng. Wajen ƙarfe biyar zuwa shida na yamma ake fara kafa rumfuna, kuma gara a je da wuri, lokacin da abinci ke sauka daga wuta.

Batun alade kuwa, ka yi kyau da ka tambaya. Mafi yawan mutanen Indunisiya Musulmi ne, amma galibin mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne, kuma abincin da suke alfahari da shi shi ne babi guling, gasasshen alade sukutum. Wannan ido ma zai gane shi. Wanda ke ruɗar baƙo shi ne na ɓoye. Lawar, wani kwaɗon ganye da kwakwa da niƙaƙƙen nama, sau da yawa da alade ake yi, jan kuma da ɗanyen jini ake cuɗa shi. Sate lilit, tsiren da ake naɗawa a karan ciyawar lemo, akwai na kifi, akwai na kaza, akwai na alade, kuma a ido ba su da bambanci. Haka ma bakso, ƙwallayen nama cikin romo.

Don haka ka riƙe kalmomi biyar: babi alade, ayam kaza, ikan kifi, sapi naman sa, kambing akuya. Ka nemi rumfar da aka rubuta wa "warung muslim" ko mai tambarin halal. Rumfar da ke sayar da alade da kaza tare, ka wuce ta, domin wuƙa ɗaya ce, mai ɗaya, abin gashi ɗaya. A rumfar Musulmi ka ɗanɗana ayam betutu, kazar da ake dafawa awanni cikin kayan yaji, da martabak, soyayyen fulawa mai ƙwai da nama a ciki. Yara kuma za su so klepon, dunƙulen garin shinkafa mai narkakkiyar mazarƙwaila irin ta can a tsakiya.

Tambaya: Ina tsoron ciwon ciki. Me zan kiyaye?

Amsa: Hajiya, abin da aka soya ko aka gasa a gabanki, yana turiri, shi za ki ci. Nasi campur, wato shinkafa da mahaɗi iri-iri, in ya daɗe a tire yana shan iska shi ke kawo gudawa, saboda shinkafa da naman da suka huce suna tara ƙwayoyin cuta da sauri a wannan zafin. Kada ki sha ruwan famfo, ki sayi na gora mai hatimi. Sambal shi ne yajinsu, kuma sambal matah ɗanye ne, albasa da barkono da man kwakwa, ki fara da ɗan kaɗan. Idan ba kya son yaji ki ce "tidak pedas". Mai rashin jituwa da gyaɗa ko jatan lande ya yi hattara, domin miyar tsire ta gyaɗa ce, yawancin sambal kuma da daddawar jatan lande ake yi.

Tambaya: Kuɗi fa?

Amsa: Tsabar rupiya za ka riƙe, ƙananan takardu na 5,000 da 10,000 da 20,000, don masu rumfa ba sa cika samun canjin 100,000. Ka duba sifili da kyau a hasken fitila kafin ka miƙa. Ka kuma bincika ranar Nyepi, ranar shiru ta sabuwar shekarar mabiya Hindu na Bali, wadda galibi ke faɗowa a watan Maris: ranar ba kasuwa, ba fita, har filin jirgin sama a rufe yake awa 24.