In Kwali Ya Maƙale a Injin Matse Shara

Ka tambaye ni jiya: "Maigida, in kwali ya maƙale kuma an ɗauke wuta, ba sai in sa hannu in jawo shi ba, tunda injin ya mutu?"

Ɗana, bai mutu ba. Ka san halin wutar Maradi, ba ta sallama in za ta dawo. Kana sunkuye a ciki, kuran, wato wutar, ya dawo, wani ya danna maɓalli bai gan ka ba, farantin ƙarfen nan da ke mayar da tulin kwali dami guda ba zai tsaya don hannunka ba. Kuma ko babu wuta, man da ke cikin tiyo, wanda ke tura farantin, yana iya riƙe da matsi, farantin ma nauyin kansa ya isa ya sauko da shi. Maɓallin nan ja na gaggawa tsayar da inji yake yi kawai, ba ya raba shi da wuta.

Ga yadda nake so ka yi kullum. Ka je babban makunni ka kashe, ka sa kwaɗo, makullin ya shiga aljihunka, kada ka ba kowa ajiya, ko ni. Ka dawo ka danna maɓallin tayarwa ka ga bai motsa ba. Ka sauke matsin mai, ka tokare farantin da ƙarfen tokara. Sannan ka jawo kwalin da ƙugiya mai dogon hannu. Ƙaramin makunnin da ke jikin ƙofa kuwa, wanda ke hana inji aiki in tana buɗe, na ga inda aka ɗaure shi da waya don aiki ya yi sauri. Ranar da na ga ka yi haka, ranar za mu rabu, kuma da gaske nake.

Yawancin maƙalewar ma daga lodi take. Ka farke kwali ka shimfiɗa, ka baza ko'ina daidai, kada ka tara gefe guda farantin ya karkace. Sharar kasuwa sai an tona ta: tukunyar gas, gwangwanin feshin sauro, batir, kwalba, dutse, toka mai sauran wuta, duk waje.

Sai mai. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, man yakan tsinke, ƙarfin inji ya ragu. Ka bar shi ya huce. Lokacin hunturu ka goge bakin tanki kafin ka buɗe, ƙura na cinye famfo. In ka ga ɗigo, kada ka shafa tiyo da hannu kana neman huda. Matsin yakan wuce bar 100 a ma'aunin matsi, man zai iya huda fata ya shige, ciwon ƙarami a ido amma sai asibiti nan take. Ka kara guntun kwali a jikin tiyon, inda ya jiƙe nan hudar take.

Gobe da safe ka zo da kwaɗonka, ka yi a gabana in gani.