Amsa: Shin sha'awar jinsi ɗaya gado ce?

Malam, ka tambaya ko da ita ake haifar mutum. Babu ƙwayar halitta guda da ke jawo ta. Binciken da mujallar Science ta wallafa a 2019, kan mutane kusan dubu 480, ya nuna ƙwayoyin gado barkatai ne ke taka rawa, kowace da ɗan tasirinta.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne batun yayye: duk yawan yayye maza da namiji ke da su ciki ɗaya, yiwuwar ya kasance mai sha'awar jinsi ɗaya na ƙaruwa. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Ray Blanchard, ya danganta hakan da garkuwar jikin uwa, wadda ke ƙara mayar da martani a kowane cikin ɗa namiji.

To me ya hana halin ɓacewa, tunda masu shi ba su cika haihuwa ba? A Italiya, cikin 2004, an gano mata 'yan dangin uwar maza masu sha'awar jinsi ɗaya sun fi yawan haihuwa, wanda ake ganin zai iya sa ƙwayoyin gadon su ci gaba da yaɗuwa.